Yadda Ƙungiyar Manoman Birni Za Ta Samo Kuɗin Koyon Fafutukar Sauya Doka

A shekarar 2006 aka shiga da buldoza cikin wata gona mai faɗin eka 14 a kudancin birnin Los Angeles na Amurka. Iyalai kusan 350 ne ke noma ta, sun haura shekara goma a wurin. Tun 2003 hukumar birnin ta sayar da filin ga wani ɗan kasuwa, manoman na can duƙe suna ban ruwa, ba su san an gama magana a kansu ba. Da suka farga sun yi iya yinsu, sun je kotu, sun yi zanga-zanga, sun jawo fitattun mutane, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Manomin birni, ko a wace ƙasa yake, takarda ta fi ƙwari yi masa ɓarna: taswirar da ta ce filinsa na gini ne, dokar da ta hana kiwo a unguwa, lasisin sayarwa da ba ya iya samu, kuɗin ruwan da ake cajinsa kamar mai masana'anta. Duk a ofis ake yanke waɗannan, kuma shiga ofis a yi magana a saurare ka sana'a ce da ake koyo. Koyon kuwa yana cin kuɗi.

Matsalar ita ce masu ba da tallafi sun fi son abin da za a ɗauki hotonsa. Injin ban ruwa da buhun iri suna da sauƙin saya wa mutane; koya musu yadda za su tsaya gaban majalisa yana ba wasu tsoro, wasu kuma ba su ga me za su ƙirga ba. Duk da haka kuɗin yana nan, kuma yana zuwa hannun waɗanda suka iya faɗin doka guda da suke son a canja, da wanda zai canja ta, da lokacin da za a zauna a kanta. Kan wannan jagorar ta tsayu.

Mataki na farko: ku gano dokar da ke cizon ku

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta wa gidauniya cewa "muna son wayar da kan manoma su san 'yancinsu." Jami'in tallafi ya karanta irin wannan jimla har ya gaji, domin ba ta faɗi abin da zai bambanta bayan kuɗin ya ƙare ba.

Ku tara mambobi, ku yi wa kowa tambaya ɗaya: wane hukunci na hukuma ne ya fi jawo maka asara a shekara biyun nan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amsoshin yawanci ba sa wuce fili, ruwa, kiwo, izinin sayarwa, haraji, da damar yin taki daga sharar gari. Ku bar mata da matasa su yi magana a zaman da babu wanda zai katse su, don sau da yawa abin da ke damun mai sayarwa daban yake da abin da ke damun mai riƙe da fili. Sannan ku zaɓi guda. Ɗaya tal. Ku auna shi da tambayoyi uku: hukumar da ke da ikon yanke shi, ƙafarku na iya kaiwa gare ta? Akwai ranar da za a zauna a kansa, kamar sabunta taswirar birni ko muhawarar kasafin shekara? Za a iya ganin motsi cikin shekara ɗaya zuwa biyu?

Bayan nan ku nemo rubutun kansa. Doka ce da majalisar birni ta kafa, ko ƙa'idar wani sashe ce da shugabansa zai iya gyarawa da sa hannu ɗaya, ko layi ne a kasafin kuɗi? Wani lokacin za ku tarar hanin da ake yi muku ba ya cikin kowace doka, jami'ai ne kawai suka gaji al'adar daga na gabansu. Wannan binciken shi zai gaya muku irin horon da kuke buƙata, kuma shi zai mayar da buƙatarku irin wannan: "Muna son majalisar birni ta amince a riƙa ba ƙungiyoyin manoma hayar filayen hukuma da ke zaune banza na shekara biyar, kafin a kammala sabuwar taswira. Za mu horar da manoma 25 su tattara hujja, su rubuta shawara, su gabatar da ita da bakinsu."

Irin wannan an yi shi an gani. A Kampala, majalisar birni ta amince da dokokin da suka halatta noma da kiwo a cikin gari a 2005, bayan tarurrukan da manoma suka zauna da jami'ai da masu bincike suka duba tsofaffin dokokin. A Nairobi, cibiyar Mazingira ta riƙa haɗa manoma da jami'an gona a dandali ɗaya tana horar da su tun farkon shekarun 2000, dokar bunƙasa noman birni kuwa sai a 2015 ta fito. Ku lura da tazarar shekarun. Kada ku yi wa mai ba da kuɗi alkawarin sabuwar doka cikin wata goma sha biyu.

Mataki na biyu: ku tara hujja kafin ku miƙa hannu

Wannan aikin ba ya buƙatar tallafi, lokaci yake buƙata da wayar salula. Ku ƙirga kanku: manoma nawa, mata nawa, faɗin kowane fili, shekara nawa ana noma shi, mutum nawa ke ci daga gare shi, nawa ake sayarwa a mako, wa ke da takarda wa ba shi da ita. Manhajar KoboToolbox tana ba ƙananan ƙungiyoyi damar yin irin wannan ƙidaya a waya ko babu intanet a lokacin, amma littafi da biro ma sun isa. Ku sa filayen a taswira. Da yawa daga cikin masu tsara birane ba su taɓa ganin gonakin nan a takarda ba, wuri ne fari fat a taswirarsu, shi ya sa raba shi ba ya musu nauyi.

Akwai wani adadi da ake ta yawo da shi tun 1996, cewa mutum miliyan 800 ke da hannu a noman birane a duniya. Tsohon ƙiyasi ne da masana suka sha yi wa tambaya, kuma ba zai motsa zuciyar kowa a kan filinku ba. Ƙidayar mutum 140 da kuka yi da kanku, gida-gida, ta fi shi nauyi.

Ku tanadi amsa ga masu adawa tun yanzu, don ba duka maganarsu ce banza ba. Jami'in lafiya da ya ce ƙasar birni na iya ɗauke da gubar dalma, ko ruwan da ake ban kayan lambu da shi na ɗauke da cuta, gaskiya ya faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2006 kan yadda za a yi noma da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ba tare da cutar da jama'a ba. Ƙungiyar da ta zo da sakamakon gwajin ƙasa da tsarin kiyaye lafiya ta rage wa kanta rabin faɗan. In ba ku da kuɗin gwajin, ku sa shi a kasafin da za ku nema.

Mataki na uku: ku gyara gida

Rijista, tsarin mulki na ƙungiya, asusun banki da sunanta wanda mutum biyu ko uku ke sa wa hannu, littafin shige da ficen kuɗi, da rubutaccen bayanin tarurruka. Babu mai zuba kuɗi a asusun shugaba, komai gaskiyarsa.

In rijista za ta ja lokaci, ku nemi ƙungiya mai rijista ta karɓi kuɗin a madadinku ta riƙe muku lissafi. Bisa al'ada tana cire kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ku rubuta yarjejeniya: wa ke da ikon cewa a kashe, wa ke magana da sunan manoma, kuma na wa ne bayanan da aka tattara. Na sha ganin inda aka bar wannan a baki, ƙarshe ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: manoma ke fuskantar fushin jami'ai, wata ƙungiya can ke rubuta nasarar a rahotonta.

Mataki na huɗu: kuɗinku ya riga na kowa shiga

Wannan matakin na fi ba shi muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Ku sa wa kanku kuɗin wata, komai ƙanƙantarsa, ko ku riƙa cire wani ɗan kaso daga cinikin da kuke yi tare, ku ware shi musamman don fafutuka.

Amfaninsa uku ne. Masu ba da tallafi da yawa suna neman ku kawo wani kaso na kuɗin aikin, wasu kuma suna yarda a lissafa lokacinku da ɗakin taro da aka ba ku kyauta, in kun rubuta su. Na biyu, akwai ayyukan da kuɗin tallafi ba zai taɓa biya ba, kamar yadda za mu gani. Na uku shi ne babba: ranar da kansila ya kalle ku ya ce wasu ne daga waje suka turo ku, littafin karo-karon mambobi shi ne amsarku. Kuma tallafi yana iya yankewa dare ɗaya. A 2025, da aka rufe hukumar USAID ta Amurka, ayyuka da yawa a duniya sun tsaya a tsakiya, ƙungiyoyin da ke da igiya ɗaya suka faɗi tare da ita.

Mataki na biyar: ku san iyakar koyarwa da kamun ƙafa

Nan ne takardu masu kyau suke faɗuwa, don masu rubutawa ba su san dokar da ke ɗaure hannun mai ba da kuɗin ba.

Gidauniyoyi masu zaman kansu na Amurka, waɗanda kuɗinsu ke yawo a ƙasashe da dama, dokar haraji ta hana su ware tallafi musamman don kamun ƙafa. Amma ma'anar kamun ƙafa a wannan dokar ƙunci gare ta: magana da masu yin doka a kan wani takamaiman ƙudiri tare da nuna goyon baya ko adawa, ko kiran jama'a su yi hakan. Koya wa manoma yadda ake yin doka ba ya ciki. Binciken da ya kawo ɓangarorin magana da adalci ba ya ciki. Zama da ma'aikatan hukuma kan yadda za su aiwatar da dokar da ke akwai ba ya ciki. Wato mafi yawan abin da horonku ya ƙunsa halas ne a wurinsu, in kun bayyana shi daidai. Kuɗin gwamnatin Amurka kuwa an hana yin kamun ƙafa da shi. A Birtaniya, hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji ta yarda su yi fafutukar sauya doka muddin hakan na cikin manufar da aka kafa su dominta, amma ba ta yarda su goyi bayan jam'iyya ko ɗan takara ba.

Abin yi shi ne ku raba kasafinku gida biyu a fili. Gida na farko: horo, bincike, taswira, ziyarar gani da ido, buga bayanai. Gida na biyu: zuwa wajen kansiloli a ce musu su zaɓi ƙudiri kaza, da gangamin kira ga jama'a su matsa musu. Na farkon ku nemi tallafi a kansa, na biyun ku biya da kuɗin mambobi. Ku faɗa wa jami'in tallafi haka ɓaro-ɓaro, hankalinsa zai kwanta. Kada ku ɓoye niyyarku a ƙarƙashin kalmomi masu taushi. Ranar da abin ya fito a jarida, amana ta tafi.

Sai dokar ƙasarku. Wasu ƙasashe sun sa wa kuɗin waje takunkumi. Habasha ta kafa doka a 2009 da ta hana ƙungiyar da ke samun fiye da kashi 10 cikin ɗari na kuɗinta daga waje yin aikin kare haƙƙi, sai a 2019 aka sauya ta. Indiya ta gyara dokarta a 2020 ta hana ƙungiyar da ta karɓi kuɗin waje miƙa shi ga wata. Ku zauna da lauya ko tsohuwar ƙungiya da ta san hanya kafin ku sa hannu a komai. Jam'iyya kuwa, ko mai ba da kuɗi bai hana ba, ku nisance ta: gwamnati na canjawa, gonar na nan.

Mataki na shida: inda kuɗin yake

Da wuya ku ga sanarwar tallafi da ta ambaci ainihin aikinku da suna. Aikin yana shiga ta ƙofofi daban-daban: samar da abinci, sauyin yanayi, muhalli, ƙarfafa mata, aikin yi ga matasa, shigar jama'a cikin harkar mulki, lafiyar al'umma. Ku koyi bayyana aiki ɗaya ta fuskar da kowace ƙofa ke ganewa, ba tare da kun sauya shi ba.

Ku fara da ƙananan asusu masu son fafutuka tun asali. Global Greengrants Fund, wadda aka kafa a 1993, tana ba da ƙananan tallafi na 'yan dubban daloli ga ƙungiyoyin ƙasa-ƙasa, kuma masu ba ta shawara a yankuna ne ke gano wa za a ba, don haka sanin waɗannan mutanen ya fi cike fom. Agroecology Fund tana tallafa wa haɗakar ƙungiyoyin manoma masu noman da ke kiyaye muhalli, har da aikin sauya manufofi. Shirin ƙananan tallafi na asusun kare muhalli na duniya (GEF), wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ta fara gudanarwa a 1992, daga baya ya kai ƙasashe sama da 120, ya daɗe yana ba da har dala 50,000, kuma kwamiti na cikin kowace ƙasa ne ke zaɓa. Shi sai kun ɗaura aikin a kan amfanin muhalli, kamar mayar da shara taki ko rage ambaliya. Ofisoshin jakadanci na wasu ƙasashe, irin na Kanada, suna da asusun ƙananan ayyuka da suke sanarwa duk shekara. Gidauniyoyin da ke cikin garinku, ƙungiyoyin addini da na ƙwadago ma ba abin rainawa ba ne.

Jami'o'i hanya ce da ake mantawa. Mai bincike da ya samu kuɗi yakan buƙaci abokan aiki a cikin al'umma, kuma masu ba shi kuɗin suna tambayarsa yadda bincikensa zai taɓa manufofi. Ku shiga tun ana rubuta takardar, da layinku a kasafi, ba bayan an raba ba. Cibiyar IDRC ta Kanada mai tallafa wa bincike, da RUAF, haɗakar cibiyoyin noman birni wadda aka kafa a 1999, sun daɗe a wannan fanni. RUAF ta tsara hanyar zaunar da manoma da jami'ai da masu bincike su rubuta manufa tare, kuma kayan koyarwarta suna intanet kyauta. Ba sai kun biya wani ya ƙirƙiro muku manhajar horo daga tushe ba. Asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, IFAD, yana tallafa wa ƙungiyoyin manoma, sai dai hankalinsa na karkara, kuma kuɗinsa na bi ta manyan haɗakar ƙungiyoyi. Shiga irin wannan haɗaka shi ne mabuɗin.

Sai hukumar birnin kanta. Ku duba ko birninku ya sa hannu a Yarjejeniyar Milan kan manufofin abinci a birane, wadda birane sama da 100 suka fara sa wa hannu a Oktoban 2015, yanzu kuma sun haura 250. Cikin matakai 37 da ta ba da shawara akwai bunƙasa noman birni, tabbatar wa manoma fili, da shigar da masu ruwa da tsaki cikin tsara manufa. In birninku na ciki, kuna da alkawarin da za ku tuna masa. Haka ƙa'idojin mallakar ƙasa da kwamitin samar da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a 2012, da shirin Koren Birane da hukumarta ta abinci da noma, FAO, ta ƙaddamar a 2020. A Amurka, dokar gona ta 2018 ta kafa ofishin noman birni, ya fara ba da tallafi a 2020. Birnin Rosario na Ajantina ya fara shirinsa a 2002 bayan tattalin arziƙin ƙasar ya durƙushe, ya ba manoma filayen da ke zaune banza, ya sa gonakin cikin taswirar gari, a 2021 kuma ya ci kyautar dala 250,000 ta cibiyar binciken muhalli ta WRI. Labarin Rosario yana da amfani a gaban shugaban birnin da ke son a yabe shi.

Amma ku yi hattara da kuɗin hukumar da kuke son ta canja hali. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A ganina ku karɓi ɗakin taro, bayanai da lokacin ma'aikatanta, ku bar albashin masu magana da yawunku ya fito daga wani wurin.

Hanya mafi sauri ta gano masu bayarwa ita ce bin sawu: ku nemi ƙungiyoyi biyar masu aiki irin naku, ku duba ƙarshen rahotonsu na shekara, sunayen na nan. Gidauniyoyin Amurka dole ne su bayyana duk wanda suka ba kuɗi a takardun harajinsu, wata ƙungiya mai suna Candid na tattara su. A Birtaniya 360Giving na yin irin wannan. Ku fitar da sunaye goma, ku tace su koma uku.

Mataki na bakwai: magana kafin takarda

Ku aika gajeren saƙo, ku nemi minti goma sha biyar. Ku tambayi abu uku: kuna tallafa wa aikin da ya shafi manufofi? Nawa kuka saba ba sabuwar ƙungiya? Me ke sa ku ƙi takarda? In da hali ku gayyaci jami'in gonar, gani ya kori ji, kuma manoma su yi bayanin da kansu.

Takardar farko kada ta wuce shafi biyu: matsalar da adadinku, dokar da kuke nufi, ranar da ke tafe, wa za a horar da yadda aka zaɓe su, me za su yi da horon, nawa kuke nema, nawa kuka tara da kanku. Ku bi ƙa'idar fom ɗinsu harafi da harafi, ku miƙa kwana biyu kafin wa'adi, don intanet ba ta da alkawari.

Mataki na takwas: horon da ya cancanci a biya, da kasafinsa

Bitar kwana uku a otal, a raba jaka da takardar shaida kowa ya watse, ba ta canja doka. Abin da ke aiki shi ne horo a rarrabe cikin wata shida zuwa tara, rabin yini kowane zama, domin shuka ba ta san ana bita ba, kuma a kauce wa lokacin dashe da girbi. Mutum 20 zuwa 25 da mambobi suka zaɓa, ba waɗanda shugaba ya nuna ba.

Kowane zama ya ƙare da aiki na gaske. An koyi yadda majalisa ke aiki, sai a je a zauna a kalli zamanta. An koyi karanta kasafi, sai a buɗe na birnin a nemo layin gona. An koyi zana taswirar masu iko, wa ke yanke hukunci, wa yake saurara, wa zai yi asara in kun ci, sai a raba sunaye a kai ziyara. A rubuta buƙata a shafi ɗaya. A gwada bayanin minti uku a gaban wani tsohon kansila ko ma'aikacin da ya yi ritaya, ya yi ta jefo tambayoyi masu zafi har murya ta daina rawa. A koyi magana da ɗan jarida, a koyi ciniki a teburin sulhu: me za a iya bari, me ba za a taɓa bari ba, kuma wa ya ba wakilai izinin yanke wannan. A tattauna haɗarin da ke ciki, tunda wanda ba shi da takardar fili in ya fito fili ya nuna kansa ne. A sami lauyan da za a kira.

Kasafi ya bi wannan tsarin. Shawarata kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi kan zaman horo, wani ɗaya cikin uku kan abin da ke biyo baya, wato ziyarce-ziyarce, buga takardu, lauya, gwajin ƙasa, ragowar kuma kan mai kula da shirin da gudanarwa. In kuɗin masu koyarwa daga waje ya fi na manoma duka, a sake lissafi. Ku sa kuɗin mota, kuɗin fassara, mai kula da yara don mata su samu zuwa, da diyyar yinin da manomi ya bar gonarsa. Diyyar ta yi daidai da abin da ya rasa, kada ta kai yadda mutane za su zo don ambulan. Kuɗin gudanarwa kuma kada ku ji kunyar nemansa: Tarayyar Turai takan yarda da har kashi 7 cikin ɗari a tallafinta na waje, gwamnatin Amurka ta ɗaga nata daga kashi 10 zuwa 15 a Oktoban 2024. In kuɗin zai zo a kuɗin wata ƙasa, ku tambayi wa zai ɗauki asara in canji ya motsa.

Mataki na tara: abin da za ku ƙirga

Ba ku ke riƙe da ƙuri'ar majalisa ba, don haka ku yi alkawarin abin da ke hannunku: manoma nawa suka yi magana a zaman jin ra'ayi, takardu nawa aka miƙa, jami'ai nawa suka zo gona, ko an ba ku kujera a kwamiti, ko kalmominku sun shiga daftari. Ku buɗe littafi guda ku riƙa rubuta kowane sauyi a ranar da ya faru: wa ya yi me, yaushe, kuma me kuka yi da ya taimaka. Masana auna ayyuka suna kiran wannan hanya girbin sakamako. Ranar rubuta rahoto ba za ku zauna kuna tuno ba.

In an ce a'a, ku tambayi dalili, ku gode, ku ci gaba da aika musu labari sau biyu a shekara. Sau da yawa a zagaye na biyu ake samu. Kafin nan ku fara da abin da ba ya cin kuɗi, zaman majalisa a wurare da yawa a buɗe yake ga kowa.

In an ce e, ku karanta yarjejeniyar a gaban mambobi, ku liƙa kasafin inda kowa zai gani, ku ajiye kowane rasit, kuma duk sauyin da za ku yi ku nemi izini a rubuce tukuna. In an ɗage zaman majalisar da kuka ɗaura shirin a kansa, ku sanar da mai ba da kuɗi a makon, ku nemi ƙarin lokaci. Tun a wata na uku ku fara neman tallafi na gaba, kuma cikin waɗanda aka horar ku ware biyar da za su koyar da rukuni na biyu. Ko an kafa dokar, ku bar mutum biyu a kan aikin da kuɗin motarsu daga asusun mambobi: su riƙa halartar zaman kasafi, su duba an sa wa dokar kuɗi, an fitar da fom ɗin neman hayar fili, an kuma naɗa jami'in da zai karɓe shi.